Amsar da Na Rubuta wa Kanar Ransom

Shekara uku cur ni ce idon mahaifina, kuma babu wanda ya sani sai ni da shi.

Ba lokaci ɗaya abin ya same shi ba. Da farko ƙananan rubutu ne suka fara cakuɗe masa, ya sayi tabarau, ya sake wani, ya zagi mai sayarwar. Daga baya fuskokin mutane suka tafi. A shekarar da aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai ta ƙasa, abin da ya rage masa bai wuce haske da duhu ba, sai inuwar mutum in ya tsaya tsakaninsa da taga. Likita ɗaya ya gani, a wani gari mai nisa, da sunan da ba nasa ba. Likitan ya ce yanar ido ce, kuma gaba za ta yi, ba baya ba.

Sunansa Lemuel Cardwell. Duk wanda ya taɓa rigimar fili a yankinmu na Kentucky ya san sunan. Ɗan majemi ne. Ya koyi shari'a yana share ofishin wani tsohon lauya, yana karanta littattafan mutumin in ya fita cin abinci. Shekara goma sha huɗu yana bin alƙali a kan doki daga wannan kotu zuwa waccan, littattafai biyu a jakar sirdi, yana kare mutanen da suka sare daji suka yi gona, sannan wani ya taso daga gabas da takarda ya ce ƙasar tasa ce. Yana da murya, yana da baki, kuma ba ya manta abin da ya ji sau ɗaya. Wannan na ƙarshen ne ya ba mu damar yin abin da muka yi.

Ni Keziah, ni kaɗai ya haifa, kuma mahaifiyata ta rasu ina ƙarama. Shekarata goma sha tara na dawo daga makarantar 'yan mata da takardar shugabar makarantar, inda ta rubuta cewa ina da kai amma ba na jin magana. Ni na karanta masa takardar da bakina. Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya ce in rufe ƙofa. A ranar ya gaya mini halin da idonsa yake ciki.

Kwana goma sha tara muka yi a keken doki kafin mu isa Washington, rabin tafiyar maza na sauka suna turawa a cikin laka. Muka sauka a gidan Madam Pruett, inda 'yan majalisa takwas na yamma suke haya. Babu wanda ya zo da matarsa a cikinsu, balle 'ya.

Ga yadda muke yi. Da gari ya waye zan karanta masa duk takardun ranar, ƙudurori da wasiƙu da jarida, sau ɗaya, ya haddace. In raka shi majalisa yana riƙe da hannuna, ina latsa shi sau ɗaya in akwai matakala, sau biyu in wani da ya kamata ya gaisar yana tafe, in raɗa masa sunan. Daga ƙofar zauren zuwa kujerarsa taku ashirin da uku ne, waɗannan shi kaɗai yake yin su. Ni kuma in hau benen 'yan kallo in zauna cikin matan da suka zo nuna huluna. Sa'a biyar, shida, a kan benci, sanyi na shiga ƙafata, ina kallon wanda ya fita da wanda ya raɗa wa wani magana, domin in ba shi labari da yamma. In zai yi jawabi yakan riƙe takarda ya riƙa leƙawa, har ya juya shafi a inda ya dace. Mutane suna cewa yana da girman kai don ba ya amsa gaisuwa daga nesa. Mun bar su da hakan.

A teburin cin abinci akwai Manjo Eli Tarver, ɗan Tennessee, mai tumbi da dariya, abokin Baba tun suna zagayen kotuna.

"Cardwell," in ji shi wata rana, "kai kaɗai ne ka zo majalisa da mai reno."

"Kai ma da ka zo da taka," in ji Baba, "da ba ka shigo mana da miyar jiya a gaban riga ba."

Aka yi dariya. Ni na raɗa masa zancen miyar a matakala. Haka muka yi shekara biyu, ban taɓa gajiya a gabansa ba, ko da zazzaɓi ya kama ni.

A hunturun shekara ta uku aka kawo ƙudurin wata hanya da gwamnati za ta yi zuwa yamma. Mai ɗauke da ƙudurin shi ne Kanar Jubal Ransom, dogon mutum mai sanyin murya, wanda kowa ya san ya taɓa harbe wani a fito-na-fito, irin faɗan kare mutunci da mutum biyu kan shirya da bindiga, ya koma gida ya ci abincin safe. Da safe ina bin taswirar da yatsa ina gaya wa Baba inda hanyar ta bi, sai dariya ta kama ni. Na ce, "Baba, hanyar nan tana da ladabi. Ta taho sambal mil tamanin, da ta hango gonakin Kanar sai ta karkata ta je gaishe shi."

Ni na faɗi haka. Ina so a sani.

Da rana Baba ya miƙe a zauren, ya maimaita maganata kalma bayan kalma. Zauren ya kece da dariya, har Kakakin majalisa ya rufe baki da hannu. Ina sama ina jin daɗi kamar ni ce a tsaye. Kanar Ransom ya miƙe a hankali ya ce yana fatan mai girma wakili zai janye. Baba bai iya ganin fuskar mutumin ba. Ni na gan ta, amma ba ni da hanyar latsa masa hannu daga inda nake.

"Zan janye," in ji Baba, "ranar da Kanar zai gaya wa majalisa sunan da ake kiran mutumin da ya sayi fili ranar Litinin, ya zo ya jefa ƙuri'a a kansa ranar Laraba. A garinmu yana da suna, amma akwai mata a bene."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Washegari da hantsi wani abokin Kanar ya zo gidan Madam Pruett, sanye da safar hannu, ya miƙa wa Baba takarda a falo. Baba ya buɗe, ya ɗan dube ta, ya ninke, ya ce za a ba da amsa kafin faɗuwar rana. Muka hau ɗaki. Na karanta masa. Layi huɗu ne, cikin ladabi ƙwarai. Kanar yana neman Mista Cardwell ya faɗi wuri da lokacin da za su yi fito-na-fito.

Na ajiye takardar. Na ce, "Sai ka gaya musu."

"In gaya musu me?"

"Cewa ba ka gani. Babu mai harbin makaho, ko Ransom."

"Ki rage murya."

"Baba, mutumin nan yana huda kati da harsashi daga taku goma sha biyu. Kai ko ƙofar ɗakin nan ba ka san inda take ba sai ka ƙirga."

Ya zauna a bakin gado, hannunsa biyu a kan gwiwa. Ya ce, "Shekara uku ina jefa ƙuri'a a kan takardun da ban gani ba. Na sa hannu a takardun filin mutane ban ga ko harafi ba. In na faɗa yau, gobe za a tono kowace shari'a da na ci. Kuma za su ce yarinya 'yar shekara ashirin da biyu ce take wakiltar mutum dubu arba'in."

"To ƙarya za su yi?"

Ya kau da kai. Na ce to ya ƙi fita fito-na-fiton kawai. Ya ce in ya ƙi, Ransom zai manna sunansa a ƙofar kowane gidan giya a garin da kalmar matsoraci a ƙasa, kuma a Kentucky wanda aka yi wa haka ko karen gidansa ba zai ƙara bin sa ba. Na san gaskiya ne. Na tashi a cikin mutanen.

Sai na ga yana murmushi, irin wanda yake yi in ya gano ramin da lauyan ɗaya ɓangaren ya manta bai toshe ba.

"Kezi, wa aka ƙalubalanta?"

"Kai."

"To wa ke zaɓen makami da tazara?"

Bai jira amsata ba.

"Ni. Haka ƙa'idar take, kuma Kanar mutum ne mai son ƙa'ida. Ƙananan bindigogi biyu. Hankici ɗaya. Shi ya riƙe gefe da hannun hagu, ni in riƙe gefe. A nan ba a buƙatar ido. Zan ji inda yake ta jan ƙyallen."

Na dube shi, mutumin da na san kowane tarinsa, kuma ban gane shi ba. Murna yake yi. Ya sami mafita irin ta lauya, yana jiran in yaba masa.

"Ku biyu za ku mutu," na ce.

"Ko kuma ya tsorata ya janye."

"Ransom ba ya janyewa. Ka sani."

"To sai ya zama sunana ya koma gida da tsabta. Gidan naki ne, da littattafan. Tarver zai kai ki. Ɗauko alƙalami."

"Ba zan rubuta ba."

"Ba ni da wani hannu sai naki," ya ce a hankali. "In kin ƙi, zan sauka in roƙi Madam Pruett ta rubuta, in ce yatsana ya kumbura. Amsar za ta tafi ko da ke ko babu ke. Na fi so ta tafi da rubutun 'yata."

Na jawo kujera. Na fiƙe alƙalamin, na daɗe ina fiƙewa. Na tsoma shi a tawada. Ya miƙe ya fara kaiwa da kawowa tsakanin gado da taga, taku huɗu, kamar yadda yake yi in yana shifta, ya fara faɗa.

Kunnen Baba ya san ƙarar alƙalamina. Ya san tsawon lokacin da kowace kalma take ci. Don haka in ya faɗi jimla mai tsawo sai in ja tawa ta yi tsawo, in ya tsaya in tsaya, in ya ce "waƙafi" in ɗiga. Yana faɗin hankici da bindiga da ƙarfe bakwai na safiyar Juma'a a bayan gari, ni kuma ga abin da nake rubutawa:

"Ranka ya daɗe, na sami takardarka. Na sake tunani a kan abin da na faɗa jiya a majalisa, na ga na wuce gona da iri. Ba ni da hujjar da zan taɓa mutuncinka da ita. Na janye maganata gaba ɗaya, kuma ina neman gafararka. Kana iya nuna wannan takarda ga duk wanda ka so."

"Karanta mini," in ji shi.

Na ɗaga takardar. Idona a kan abin da na rubuta, bakina yana faɗin abin da ya faɗa, tun daga farko har ƙarshe, ban tsallake waƙafi ba. Haddar ba shi kaɗai Allah ya ba wa ba.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Muryarki ko rawa ba ta yi ba. Da namiji na haifa bai fi haka ba."

Na kama yatsansa na ɗora a inda zai sa hannu, kamar kullum. Ya sa. Na barbaɗa yashi tawada ta bushe, na ninke, na narka kakin hatimi, ya danna zobensa a kai.

Ya kira Manjo Tarver ya roƙe shi ya zama wakilinsa, ya kai wa Kanar amsar. Manjo ya karɓa, fuskarsa ta yi fari, ya tambayi sharuɗɗan. Baba ya san in ya ji zancen hankici ba zai kai takardar ba, sai ya ce komai yana ciki, zai ji tare da su. Manjo ya dafa kafaɗarsa, ya dube ni, ya fita.

Sa'a biyu muka zauna. Baba ya sa na kwashe wasiƙun mutanen gida da ba a amsa ba, ya ce a gama da su kafin Juma'a. Wani yana neman fanshon soja, wata tana neman a mayar da gidan waya kusa da injin niƙa. Ya amsa kowanne a natse. Na rubuta abin da ya ce daidai.

La'asar sakaliya muka ji takun Manjo a matakala. Bai ƙwanƙwasa ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki da hularsa a kai.

"Da wannan ka aike ni, Lemuel?"

"Sun tsorata?" in ji Baba, yana murmushi.

"Shekara ashirin muna tare. Da ka ce mini, Eli, ba zan iya ba, da na nemo hanya. Da na sa sun janye takardarsu tukuna, a zauna, a gyara magana yadda maza ke yi, kowa ya tashi da mutuncinsa. Amma ka sa na shiga ɗaki cike da mutane ina hura hanci, aka fasa hatimi a gabana, aka karanta da ƙarfi. Sau biyu. Na biyun don wanda ya shigo a makare."

"Me suka ce game da hankicin?"

"Wane hankici?"

Ina jin Madam Pruett a ƙasa tana faɗa da mai kawo itace.

"Ina neman gafararka," in ji Manjo, yana kwaikwayon muryar wanda ya karanta. "Kana iya nuna wannan takarda ga duk wanda ka so. To ya so. Tana wurin mai jarida yanzu haka. Ransom da kansa ya riƙe baki. Ya ce ya zaci namiji ya zage shi."

Na ga murmushin ya bar fuskar Baba kaɗan-kaɗan. Ya juyo da kansa zuwa inda numfashina yake. Ban taɓa ganin idon nan ya same ni daidai ba sai a ranar.

"Sa hannunka ne ko ba naka ba?" in ji Manjo.

"Ba mu wuri, Eli."

Da ƙofa ta rufe, Baba ya saurari takun Manjo har ya gama sauka. Sannan ya ce, "Kin karanta mini."

"Na karanta."

"Kina kallon takardar, kina faɗin wani abu daban."

"I."

"Sau nawa kika taɓa yi mini haka?"

"Wannan ne na farko."

"Ta yaya zan sani?"

Wannan tambayar ta fi mini komai zafi. Ya laluba ya ɗauki sandarsa. Ya ce gobe zai miƙe a majalisa ya ce takardar ba maganarsa ba ce, an yi kuskure wajen kwafa, ya faɗi sharuɗɗansa da bakinsa a gaban kowa.

Na ce, "In ka miƙe, ni ma zan miƙe. Daga bene zan ce a miƙa wa mai girma wakili takarda ya karanta wa majalisa layi ɗaya. Muryarka na gada, za su ji ni har ƙofa. Kafin masu gadi su fitar da ni na faɗa sau uku."

"Ba za ki yi ba."

"Gwada ni, Baba."

Tunda aka haife ni bai taɓa dukana ba. Ya ɗaga hannu ya kai mari inda muryata ta fito, amma na riga na matsa wajen tebur, hannun ya sami iska, har ya yi tangal-tangal. Na dawo na tsaya a gabansa sosai. Na ce, "Ga ni nan. Ka sake."

Hannun ya tsaya a sama. Ya sauke shi. Ya koma ya zauna a bakin gado, ya ce, "Kin kashe ni, kuma kin bar ni da numfashi."

Na ce, "Numfashin nake so."

Washegari takardar ta fito a jarida, a shafin farko, ƙarƙashin jawabinsa na hanya, don mai karatu ya gwada su. Dole ya kama hannuna zuwa majalisa, babu wani hannun. Na latsa shi a matakala, bai gode ba. Mutum uku da ya kamata ya gaisar suka taho, ban latsa sau biyu ba, domin duk sun kau da kai. Ya yi takunsa ashirin da uku. Na hau bene na zauna a bencin gaba, na cire safar hannuna, na kama ƙarfen da ke gabana. Ban san abin da zai yi ba. Na dai san abin da zan yi.

Bayan addu'a wani daga jam'iyyarsa, wanda yake ganin ƙila sharri aka yi masa, ya miƙe ya tambaya ko mai girma wakilin Kentucky ya ga abin da aka buga da sunansa. Baba ya miƙe. Ya ɗaga fuska sama wajen bene, ya daɗe a haka har mutane suka fara waiwayowa. Ni ma na miƙe tsaye. Matar da ke gefena ta ja mini siket.

"Takardar tana ɗauke da sa hannuna," in ji shi. "Ba ni da abin ƙarawa."

Ya zauna. Wanda ke kujerar kusa da shi ya tattara takardunsa ya koma wani wuri. Na ga hannuna ya kafe a jikin ƙarfen, sai da na ɓamɓare yatsun ɗaya-ɗaya.

Sauran mako shida majalisa ta tashi, kuma ban san wani abu da ya kai su tsawo ba. A tebur babu mai yi masa magana. Manjo Tarver ya koma wani gida. Baba ya hana ni karanta masa komai, ko jarida, ko wasiƙa. Yakan je ya zauna bai san abin da ake muhawara a kai ba, ya saurari yadda mutanen jiharmu suka jefa ƙuri'a ya bi su. Bai sake yin jawabi ba. Ni kuma ina nan a bene kullum, matan suna matsawa su bar mini benci guda. Ban sunkuyar da kai ba ko sau ɗaya. Mutum ɗaya ce ta yi mini magana, Madam Pruett, muna ninke zannuwan gado. Ta ce, "'Yar nan, sau biyu ana shigo mini da ɗan majalisa a kan ƙyauren ƙofa, ni nake wanke jinin. Ban san abin da ya shiga kan babanki ba, amma ina ma ya shiga kan sauran."

A gida abin ya riga mu isa. Ranar yaƙin neman zaɓe, a wurin da aka gasa shanu aka fasa gangar giya, wani ya ɗaura wa dokin Baba ɗankwalin mace. Mutanen da ke cin abinci daga gonakin da ya ƙwato musu su ne suka fi kowa dariya. Baba ya hau kututture ya yi magana sa'a guda, babu takarda, kuma ban taɓa jin ya yi jawabin da ya kai wannan ba. Ya faɗi zaɓen warwas. Saurayin da ke zuwa wurina da littattafai ya daina zuwa. A coci matan suka riƙa yi mini jaje kamar an yi mana mutuwa, ni kuma ina amsawa da cewa lafiyarsa ƙalau, na gode.

Da kaka ya faɗo daga matakalar kotu, don ya ƙi kama hannuna, daga nan makantar ta fito fili. Mutanen gari suka ce baƙin ciki ne ya cinye masa ido. Babu wanda ya yi tunanin ƙirga baya.

Dole ya koma aiki, kuma dole a karanta masa. Sai ya ɗauki tsohon malamin makaranta, Mista Obadiah Finch, mai jan hanci da ƙanƙance ido. Mista Finch ba ya gane rubutun tsofaffin takardun fili, ba ya jin harshen Latin na littattafan shari'a, kuma ƙarfe biyu yake fara gyangyaɗi. Don haka aikin ya dawo kaina. Ni nake karantawa, ni nake rubutawa. Amma duk abin da na karanta, duk abin da na rubuta, kafin Baba ya sa hannu sai Mista Finch ya sake karanta masa shi da ƙarfi, ina zaune a wurin. Har takardar mai gyaran takalmi. Mutumin yana jin kunya, yakan ce, "Lauya, ai daidai ne." Baba ya ce, "Karanta dai."

Shekara huɗu ke nan. Ba a taɓa samun kalma ɗaya da ta saɓa ba. Ban taɓa cewa a daina ba, shi ma bai daina ba.

A bazarar bana jarida ta kawo cewa zazzaɓi ya kashe Kanar Ransom a kan gadonsa. Na karanta wa Baba, Mista Finch ya maimaita. Da ya tafi, na ce wa Baba tunda babu sauran mai harbinsa, zan rubuta duk abin da ya faru in aika wa mai jaridar garinmu, da sunana a ƙasa. Na gaji da jin ana kiran mutumin da ya fi su duka zuciya matsoraci. In akwai matsoraci a wannan labari, ni ce, kuma ban ji kunyar hakan ba.

Ya juya kofin gahawarsa a kan tebur. Ya ce, "Za su ce kin ci amanar ubanki."

"Na ci."

"Babu mai aurenki a wannan gunduma."

"Dama ba layi suka yi ba."

Gefen bakinsa ya motsa, amma bai bari ya zama dariya ba. Ya ce, "Ban yafe ba, Kezi."

"Ban roƙa ba. Da na rubuta abin da ka ce, da yau shekararka huɗu a ƙarƙashin ƙasa, ina karanta wa dutse jarida."

Ya kurɓi gahawar, ya ce ta huce. Na tashi zan ɗumama masa, sai ya ce, "Ki faɗi sharuɗɗan yadda na faɗe su. Kada ki rage komai. Kuma Finch zai karanta mini kafin ki aika."

Na ce to. Gobe da hantsi Mista Finch zai zo, kuma na rubuta da manyan baƙi don kada ya sha wahala.